Ɗigon Jan Farce a Kan Notin Jirgin Toivo

Anti Doreen, don Allah ki taimake ni. Sati uku ke nan wani abu yana ci mini rai, kuma duk wanda na gaya wa a garin nan, kafin Lahadi maganar ta koma kunnen mai ita.

Shekaruna hamsin da tara. Na yi shekara ashirin da shida ina tuƙa bas ɗin 'yan makaranta a nan Thunder Bay, na ajiye aiki, bayan wata huɗu mijina ya rasu. Wancan hunturun sai in wuni da rigar barci ina kallon ƙanƙara ta taga. Wanda ya fito da ni shi ne maƙwabcina, Mista Toivo Rautio, tsoho ɗan shekara tamanin da ɗaya da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ɗakin injin jiragen dakon hatsi. Bai zo mini da dogon jaje ba. Ƙofa ya ƙwanƙwasa ya ce yana neman mai ƙananan yatsu, tunda nawa zaman banza suke yi, in zo gareji in riƙe masa waya.

A garejin nan na koyi haɗa ƙananan jiragen ƙarƙashin ruwa, irin waɗanda ake sayo sassansu a kwali a sarrafa su da rimot. Gangar jikin kowa zai iya mannawa. Aikin yana wajen tankin da ke tsakiya: famfo ya zuƙo ruwa jirgi ya nutse, ya fitar da shi jirgi ya taso, sai 'yan gutsattsarin dalma da ake ta matsarwa gaba da baya har ya zauna daidai. Jirgina na farko da hanci ya nutse, gindi a sama kamar agwagwa. Toivo ya yi dariya har da tari, ya ce har yanzu gangara nake saukowa da bas. Shi ya zaunar da ni, shi ya kai ni ƙungiyarsu ta masu haɗa irin waɗannan jirage. Ina gaya miki ba ƙari, mutumin nan ya dawo mini da raina.

Mu goma sha biyu ne a ƙungiyar, kuma dokarmu ɗaya ce: ba a buɗe cikin jirgin wani. Ka leƙa, ka kushe, ka yi masa tsiya son ranka, amma kada ka taɓa notinsa. Shi Toivo har alama yake yi. In ya rufe jirgi sai ya ɗiga jan farcen marigayiya matarsa, Aili, a kan kowane noti. Babban jirginsa ma sunanta ya sa masa, shekara shida yana haɗa shi.

Ana saura kwana biyu a fara saka Aili a tafki, ya tafi sayo burodi ya bar ni ina goge fenti. Na kashe rimot ba da wata niyya ba, sai na ji famfo yana zuƙa. Akwai 'yar na'urar ceto da muke sakawa, wadda in saƙon rimot ya yanke take fitar da ruwan tanki jirgi ya taso da kansa. Tasa a baibai ya saita ta. A bahon wanka ba za a gane ba, don saƙo ba ya yankewa a can, amma a tafki Aili za ta cika cikinta ta kwanta a taɓo. Hannunsa ne ya fara rawa tun bara, duk muna gani, ba mai furtawa. Idonsa dai garau.

Na kwance noti huɗu, na gyara, na mayar, na ɗauki kwalbar jan farcen na ɗiga a kansu. Ya daɗe bai dawo ba, ga shagon burodin kusa, har na samu na wanke hannu.

Ranar Lahadi kuwa, da aka saka Aili a tafkin, saƙon ya yanke a ƙarƙashin wata gadar katako. Can sai ga bayan Aili ya ɓullo yana ƙyalli. Gord, ɗan ƙungiyarmu da bai taɓa yabon jirgin kowa ba, ya ce tsohon nan sai an binne shi da sukudireba a hannu. Toivo ya cire gilashi yana share ido. Ni kuma na tafa tare da su.

Abin da ya ƙarasa ni, washegari ya miƙo mini kwalbar jan farcen ya ce in ajiye a wajena, in riƙa zuwa da ita duk ranar da zai rufe jirgi. Kwalbar matarsa fa, ni da na ci amanarsa da ita. A watan Agusta za mu kai jirage wani tsohon ramin haƙar dutse da ya cika da ruwa, mai zurfin da ba a tsamo abin da ya nutse, kuma ya ce zai sake buɗe Aili kafin nan, ina tsoron ya sake saita na'urar a baibai. In na faɗa, na amsa cewa na karya doka, na kuma gaya wa tsoho hannunsa ya ƙare. In na yi shiru, ina zaune da shi da ƙarya a baki. Shi nake tsoron rasawa, Anti. Yaya zan yi?

Mai Ƙananan Yatsu

*

'Yar'uwa Mai Ƙananan Yatsu,

Da farko, dokarku ba ta banza ba ce. Wanda ya yi shekara shida a kan abu yana da haƙƙin kuskurensa ya zama nasa, kuma abin da ya fi dacewa ranar nan shi ne ki jira ya dawo, ki kashe rimot a gabansa, ya ji da kunnensa. Kin tsallake wannan. Amma na fahimci abin da ya sa: kin gwammace ki ɗauki laifi da ki ga ya ji kunya. Ba zan kira wannan cin amana ba.

Yanzu ki sake karanta wasiƙarki a hankali. Kin ce hannunsa na rawa, idonsa garau. Ke hannunki ba ya rawa. Kina tsammanin mutumin da ya yi rayuwarsa yana duban noti bai bambance ɗigon da ya karkace da wanda ya zauna das ba? Ya ga ɗigo huɗu da ba nasa ba, bai ce uffan ba, ya saka jirgin a ruwa, washegari ya ba ki kwalbar ya ce ki riƙa zuwa ranar rufe jirgi. Ban san zuciyarsa ba, amma ni a ganina ya riga ya yi miki magana, irin ta tsofaffin da ba sa son a ja zance.

Duk da haka ki faɗa masa, ku biyu a gareji, ba a gaban Gord ba. Gajeriyar magana: na buɗe, ga abin da na gani, ga abin da na yi, ka yafe mini. Kada ki ambaci rawar hannu, ya fi ki saninta. In ya yi fushi, ki ba shi kwana biyu, haƙƙinsa ne. Sannan ki roƙe shi ku mayar da gwajin kashe rimot al'adar kowa kafin a shiga ruwa, ki fara da naki jirgin, don kada abin ya zama na tsoho shi kaɗai.

Kuma ki gode masa da baki, kamar yadda kika gode masa a wannan takarda. Shekara tamanin da ɗaya ba lokacin ajiye godiya ba ne. Ranar da ya ƙwanƙwasa ƙofarki ya ce yana neman mai ƙananan yatsu, kin ɗauka dabara ce kawai ta fito da ke daga ɗaki. Wataƙila dabarar ce, amma yatsun ma da gaske yake nema.

Ki tafi da kwalbar a aljihu. Allah ya taso da Aili lafiya a watan Agusta, ya bar ku tare.

Doreen