Alhajin Allura Ya Dawo Gida

Laraba da dare, garin Zoza, Rogo

Baba ya dawo gida yau! Alhamdu lillahi. Murna ta hana ni barci.

Ranar da muka ɗauke shi daga Rogo zuwa asibiti a Kano numfashi na neman gagararsa, wallahi na cire rai. Aka ce korona ce, aka shige da shi ɗakin waɗanda ciwo ya yi wa tsanani, ta gilashi kawai nake hango shi. Likitar ta tambaye ni ko an yi masa rigakafi. Na ce har sau biyu. Ta ce, "Ba alkawari na yi maka ba, amma waɗanda aka yi wa sun fi tashi daga gadon nan."

Kuma fa allurar nan ba da son ransa aka yi ba. Don ya samu zuwa Makka ya miƙa hannu, tunda dole ce a lokacin. Sai da aka gama tsira masa aka ce masu shekarunsa ba za su tafi ba. Ya shekara yana mita, wai an huda shi a banza. Taubashinsa Malam Sule ya laƙaba masa Alhajin Allura, sunan da in ya ji yake barin majalisa.

Ɗazu bayan la'asar Malam Sule ya zo yi masa sannu. Tun daga zaure ya ɗaga murya, "Ina Alhajin Allura?" Duk muka juya muna duban Baba.

Baba ya ɗago kai daga matashi, muryar nan a dishe, ya ce, "Na'am! Shigo."