Tarin Naina

Juma'a, 3 ga Maris
Yau cif arba'in muka yi. Na ga liman yana ƙirga mu da ido kafin ya hau mumbari. A mazhabarmu ta Shafi'iyya, in mazan gari ba su kai arba'in ba babu Juma'a, sai azahar. Garin da a da jiragen Larabawa suke layi a bakin tekunsa, ana sahu har kan titi! Yanzu kowa ya tafi Chennai ko Dubai, gidaje sai kwaɗo a ƙofa da jemagu a ciki.

Lahadi, 5 ga Maris
Maƙwabcina Naina yana tari, ta katanga nake ji. Mun yi shekaru ko gaisawa ba ma yi, tun ranar da ya ce a bainar jama'a wai kakansu ne ya gina masallacin, namu ɗan dako ne a jirginsa. Maƙaryaci. Amma in ya kwanta mun zama talatin da tara.

Laraba, 8 ga Maris
Na sa matata Zulaiha ta yi wa Naina romon kifi da tsamiya. Ta ce, "Maigida, yau kuma maƙiyinka za ka ciyar?" Na ce masallaci nake ciyarwa.
Na kai masa, ya ɗanɗana, ya ce gishiri ya yi yawa, ya kira ni jikan ɗan dako. Ya shanye tas.

Juma'a, 10 ga Maris
Ni na tallabo Naina har sahu. Ba nauyi ko kaɗan, abin ya ba ni tsoro. Arba'in.

Talata, 14 ga Maris
Naina dai abinci ya ƙi shiga. In tarin ya tsananta gabana ya faɗi, in ya yi shiru ya fi faɗuwa.

Alhamis, 16 ga Maris
Sathak tela ya kwashe iyalinsa zuwa Chennai, ko sallama babu. Ashe ba Naina ya kamata in yi gadi ba.

Juma'a, 17 ga Maris
Azahar muka yi, raka'a huɗu. Liman ko kallon mumbarin bai yi ba. Na yi kuka a gaban mutane. Naina ya taɓa ni ya ce, "Meeran, ka huta da ɗawainiyata. Yanzu ko na mutu ba abin da zai ragu."


Asabar, 18 ga Maris
Zulaiha ta tambaya ko a daina romon. Na ce ai na riga na sayi kifin. Da ta juya baya na zari takalmina na nufi bakin teku wajen masunta in sayo. Daga ƙofa na ce mata ta rage gishiri.