Mama Ladi Ta Ɓoye Citta

Laraba da dare, Kafanchan

Mutanenmu gani suke kowane fim wasan kwaikwayo ne. Yau na kai ɗalibaina ƙauye mu ɗauki Mama Ladi tana tsaga citta, sai muka tarar ta ɓoye cittar, ta ɗaura zanen zumuntar matan coci, ta hakimce a kujera.

"Malam, kana so duniya ta gan ni da datti?"

Haushi ya ishe ni, ga kyamarar ta aro ce, jibi zan mayar.

Na kira Baba Yohanna, wanda ya fara ɗaukar rayuwar ƙauyukanmu a fim. Ya yi dariya. "Ɗana, ni wuƙa nake fara ɗauka. In suka ga ina ɓata musu citta, da kansu suke ƙwace wuƙar su ci gaba da tsagawa."

Na ce wa kaina, to, Malam, gobe sai ka gwada. Kyamara a hannun yara, wuƙa a naka.