Kwalbar Cibiya

Garwa, Litinin

Ƙanwata Hamida,

Gaisuwa mai yawa, ya aiki? Jiya a taronmu na ma'aikatan jinya an sake cigiyarki. Na ce ke kaɗai ce a asibitin ƙauyenku, wa za ki bar wa masu naƙuda?

Tunda waya ba ta shiga wajenku, na ba direban motar garin Tcholliré takardar nan ya kawo miki. Madam Berthe, mai koyar da mu, ta nuna mana sabon maganin cibiyar jarirai. Kwalbarsa sak ta maganin ido, kuma in ya shiga ido yana makantarwa. Ki duba kabad ɗinki yau, ba gobe ba.

Taki,
Zulfa

Laraba

Yaya Zulfa,

Ina gaisuwa.

Kwalaben sun iso tun makon jiya, ba wanda ya yi min bayani. Ranar Asabar na karɓi haihuwar Hindu, matar wani makiyayi. Na ɗauka maganin ido ne, na ɗiga wa jaririyar a idon dama, ta tsandara ihun da ban taɓa ji ba, sai na fasa na hagu. Na ce musu yaji ne kawai, zai wuce. Sun riga sun tashi da shanunsu.

Ban gaya wa kowa ba. In shugabanmu ya ji, aikina na shekara tara ya tafi. Don Allah ki ƙona takardar nan.

Ƙanwarki,
Hamida

Garwa, Juma'a

Hamida,

Allah ya sanyaya miki. Ban ƙona ba, na kai wa Madam Berthe. Ki yi fushi da ni daga baya, yanzu ki nemo yarinyar. Likitan ido yana jiranta.

Wallahi ba zan ce miki aikinki zai tsira ba. Amma ba ke kaɗai aka kai wa kwalaben nan ba. In kika tsaya gabanmu a taro na gaba kika faɗa da bakinki, ba wadda za ta manta.

Ina tare da ke,
Zulfa

Talata

Yaya,

Na same su a mashaya. Idon dama ya yi fari, na hagu yana bin haske. Hindu ta kawo min ƙwaryar nono tana min godiya. Na kasa sha, sai na gaya mata gaskiya. Duk da haka ta yarda mu taho Garwa jibi.

Ki sa sunana na farko cikin masu magana. Zan zo da kwalbar.

Na gode,
Hamida