Cigiyar da Matuƙin Jirgi Bai Yi Ba

Tawa, Talata 12 ga Nuwamba, bayan isha'i

Tuwon ma na kasa ci. Haushin kaina nake ji.

Yau na fara wa ƴan ajina tarihin Turai, zamanin sarakuna masu gashin aro da matuƙan jiragen ruwa. Na liƙa hoton wani matuƙi a allo, na karanto musu yadda littafi ya ce: wai ya ƙetare teku ya gano sabuwar ƙasa, ya kafa tuta ya ce ta zama ta sarkinsa.

Sai Rabi, ƴar makiyayan nan da ta zo mana daga Takanamat, ta ɗaga hannu, ta kira ni yadda suke kiran malami da Faransanci. "Mushe, ba kowa cikinta?"

Na ce akwai mutane maƙil.

"To ya yi cigiya? Mu can, in ka tsinci raƙumi da shaida a wuya, wurin maigari kake kai shi, a yi shela ran kasuwa. Wanda ya ja shi gida, ɓarawo muke ce mishi."

Duk aji ana jirana. Ni kuwa, da na tsufa da alli a hannu, me na ce? "Zauna. Rubuta 'ya gano'. Shi za a tambaye ki a jarrabawa."

Ta zauna ta rubuta, ba ta sake kallona ba.

Littafinta na gabana yanzu, ba kuskure ko ɗaya. Na ba ta goma bisa goma, na ji kamar da ni aka ja raƙumin.