Farin Wuri a Taswira

Litinin, 3 ga Maris
Taro kuma. Darakta ya ce daga yanzu mu na ma'aikatar ruwa, da na hanyoyi, da na lafiya, da masu lantarki, kowa zai zuba taswirarsa a rumbu ɗaya cikin kwamfuta, mai buƙata ya buɗe ya gani. "A raba bayanai," sai nanatawa yake. Ni dai a sanina gado ake rabawa, shi ma sai mai shi ya mutu. Ban faɗa ba, na gyaɗa kai kamar kowa.

Taswirar bututun garin nan da ƙafata na haɗa ta, tun gashina yana baƙi. Duk mai son haƙa rami a titi sai ya zo ofishina. Ya yi sallama, a tambayi iyali, a sha shayi, sannan in juya masa kwamfuta in ce nan haƙa, nan kada ka kuskura. Haka muka gaji aikin. In na zuba ta inda kowane kare da doki zai ɗiba, wa zai sake taka ƙofata?

Laraba, 5 ga Maris
Na zuba musu iyakokin unguwanni da manyan tankuna. Wurin bututu na bar shi fari fat. Mai hankali in ya ga fari ya san ma'anarsa: zo ka tambaya.

Juma'a, 7 ga Maris
Dogo na ofishin hanyoyi ya leƙo yin bankwana, yau ya yi ritaya. Shi ne bai taɓa sa diga a ƙasa ba sai ya sha shayina. "Saura kai, tsoho," in ji shi. Na ce tsoho yana gida yana jiran fansho. Mun yi dariya, amma da ya fita ofis ya yi mini faɗi.

Ya ce wata injiniya ce ta gaje shi, ba ta da yawan magana, kullum idonta a kan kwamfuta. Na ce to, ta zo mu gaisa.

Talata, 11 ga Maris
Ba ta zo ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Darakta ya tare ni a baranda. "Malam, bututun fa?" Na ce ana kai, ranka ya daɗe.

Na yi kuskuren ba Maman yara labari. Ko ɗago kai daga ɗinkinta ba ta yi ba, ta ce, "Kai dai ka ce tsoro kake a daina yi maka sallama." Bakin matar nan ya fi allurarta tsini. Na ce ta zubo mini abinci.

Asabar, 15 ga Maris
Yaya ta bugo waya da hantsi, wai famfonsu ya ɗauke. Katafilar masu gyaran titi ta fasa babban bututun da ke bi ta gaban ƙaramin asibitin unguwarsu. Tun kafin ta gama na san wanne ne, ni na auna shi.

Na je. Titi ya zama fadama. Na sami Yaya a layin rijiyar burtsatse, zaune kan jarka, ta miƙe ƙafar nan mai ciwon gwiwa.

Injiniyar tana bakin ramin, taɓo har ƙwauri. Ita ta fara gaishe ni. "Baba, kai ne mai taswirar ruwa? Wallahi na duba rumbu kafin mu fara. Wurin nan fari ne, sai na ɗauka babu komai a ƙasa."

Na ce ai fari yana nufin a zo a tambaya.

Ta dube ni, ba da raini ba, da gaske take son sani. "A ina aka rubuta haka, Baba?"

Babu inda aka rubuta. Dogo ya sani, tsofaffin lantarki sun sani, kowa ya sani. Wato kowa da ya tsufa tare da ni.

Lahadi, 16 ga Maris
Na kai wa Yaya jarkoki a mota. Ma'aikatan asibiti su ma da bokitai suke ta jigila, an ce masu haihuwa sai dai a tura su wani wuri.

Yaya ta ce, "Ƙanena, kai da kake ma'aikatar, yanzu duk cikinku ba wanda ya san inda bututun yake?" Na ce an sani. Ta ce, "To Allah ya kyauta." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 17 ga Maris
Darakta ya kira mu biyu, ni da Injiniya. Na shiga da jawabina a baki, na kwana ina shirya shi. Injiniya ta riga ni. Ta ce ita ma da ta ga unguwa guda babu bututu ko ɗaya, ya kamata ta yi shakka ta ɗaga waya. Ba ta ambaci sunana ba. Jawabin nawa ya maƙale, kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona.

Talata, 18 ga Maris
Na zuba taswirar bututun unguwar su Yaya a rumbu. Ita kaɗai na yi niyya. To amma bututu bai san iyakar unguwa ba, ina bin sa sai ga ni a ta gaba, daga nan sai ta gabanta. Kafin la'asar gari ya ƙare. Na koma na buɗe tawa kwamfutar, taswirar tana nan yadda take, ko layi ɗaya bai ragu ba.

Ba don Darakta na yi ba, wannan a sani.

Alhamis, 20 ga Maris
Ruwa ya dawo unguwar su Yaya. Ofis shiru. Masu lantarki suna haƙa a bayan kasuwa, na ji a bakin direba. Ba su zo ba, ba su kuma fasa komai ba. Na dafa shayi, na sha abina.

Litinin, 24 ga Maris
Akwai tsofaffin bututu da ni kaina ban tabbatar da hanyarsu ba. Na yi musu ɗigo-ɗigo a taswira, na rubuta a gefe cewa zato ne, a bi a hankali. Duk da haka na ga gara Injiniya ta ji da kunnenta. Aiki ne kawai ya kai ni, ba wani abu ba.

Duk shekarun nan ban taɓa shiga ofishin hanyoyi ba, sai da na tambayi maigadi ƙofar. Aka ce tana taro, in jira. Benci ne a baranda, na katako, ba majingini. Na zauna har bayana ya ƙage, ina kallon ƙofa, ina tunanin ko za ta ce ba ta da lokaci. Nawa bencin ma haka yake, ban taɓa zama a kansa ba.

Da ta fito ta ce, "Baba, da kanka? Ai da ka kira ni na zo."

Na ce a'a, hanya ce ta biyo da ni.