Takalman da ke bakin ƙofata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, musamman waɗanda suka san dokar makaranta a ƙasar nan, abin da na fara da kyakkyawar niyya yana neman zame mini ƙarfen ƙafa.

Ina zaune a unguwar Cheetham Hill a nan ƙasar Turawa da yarana biyu, maigidana yana karatun PhD a wani gari, Birmingham, yana da ɗaki a can unguwar Selly Oak, sai ƙarshen mako yake zuwa, kuma a kan bizarsa muke zaune. Babbar 'yata a da tana zuwa makarantar gwamnati, sai yarinyar da bakinta ba ya hutawa ta koma shiru, kullum da safe ciwon ciki, ashe wasu yara ne suka sa ta a gaba a aji. Na yi ta zarya makarantar har na gaji. Ni kuwa malama ce tun a Kano, na ce me zai hana in koyar da abata. Muka cire ta bisa ƙa'ida, council, wato ƙaramar hukumarmu, sun sani, doka ta yarda uwa ta koyar da ɗanta a gida. Ba a daɗe ba yarinya ta dawo da surutunta, karatu kuma sai hamdala.

To akwai wata Hajiya 'yar Ghana a layinmu, ita ta zauna da ni da na haihu, ta dafa mini ruwan wanka ta dama mini kunu, alhali ba dangin iya ba na baba. Ta zo ta ce jikanta ma ba ya jin daɗin makaranta, in haɗa shi da tawa. Da wane baki zan ce wa Hajiya a'a? Daga shi sai wata ta kawo 'yan biyunta, wata ta kawo nata, kowacce ta ce ai ɗa na kowa ne Malama. Ko kwabo ban taɓa karɓa ba. Yanzu falona cike yake daga safe har la'asar, kuma duk an cire su daga makaranta saboda an dogara da ni.

Kwanaki wata ƙawata mai aikin kula da yara ta kawo mini ziyara, tana ganinsu fuskarta ta canza. Ta ce koyar da naki daban, amma yara biyar ko fiye su riƙa wuni a wurinki kullum, a idon hukuma makaranta kika buɗe ba rajista, kuma laifi ne da ake kai mutum kotu, mai zaman biza kuwa ba ya wasa da kotu. Maigidana bai san yawansu ba, gida fayau yake tararwa in ya zo ƙarshen mako. Jikan Hajiya kaɗai na taɓa ambata masa, ya yi ta faɗa kada in jawo abin da zai taɓa karatunsa yana dab da gamawa, sai na haɗiye sauran maganar.

Kun san yaranmu ba sa shiga ɗaki da takalmi, a bakin ƙofa suke jerawa. Akwai tsohuwar Baturiya a benenmu, a sashen da ke kallon nawa, da har alewa take ba yarana. Yanzu in na buɗe ƙofa sai in gan ta tsaye tana kallon takalman, leɓenta na motsi, ƙirgawa take yi. Makon jiya ta tare 'yata a matakala ta tambaye ta wace makaranta take zuwa, yarinya da murnarta ta ce makarantar Mummy, kuma suna da yawa. Washegari na kwashe takalman na shigar ciki. Da yamma tsohuwar ta gaishe ni da murmushi, ta ce ta lura takalman sun koma ciki.

Na je na yi wa Hajiya bayani, ta ce tsoro ne kawai irin na baƙo, ta tsufa a ƙasar nan ba ta taɓa jin an kama mutum don ya koyar da yara ba. Sannan ta faɗi abin da ya fi tayar mini da hankali, wai in na sallame su aka je nema musu gurbi, dole a tambaye su inda suke karatu duk watannin nan, kuma yaro ba ya ɓoye magana.

Yau da safe wata mata mai katin shaidar aiki rataye a wuya ta shiga wurin tsohuwar, ta daɗe. Da ta fito ina leƙenta ta hudar ƙofa, ta zo ta tsaya daidai ƙofata, yara kuwa suna ta rera lissafi da ƙarfi a bayana. Ba ta ƙwanƙwasa ba, ta saurara kawai ta tafi.

Wallahi tsoro nake ji. In sallami yaran gobe in ɓata da matar da ta riƙe ni, ko in kai kaina council tun kafin su zo? Maigida yana hanya ranar Juma'a, ban san ko shi zai riga su isowa ba. Don Allah me zan yi?